Littafin Kurakurai da Wutar Gawayi

Karatu: Yohanna 21:1-19, da Filibiyawa 3:12-14. Shugaban ƙungiya ya sa a karanta su duka biyu da murya kafin a soma.

A ƙasar Amurka akwai wani wasa da a ke kira besbol. Ba a yinsa a Mafoni, inda yara ba su san kome ba sai ƙwallon ƙafa da labarin El-Kanemi Warriors, saboda haka sai mu bayyana shi kaɗan. Mutum ɗaya ya kan jefa 'yar ƙwallo da ƙarfi, wani kuwa yana tsaye da kulki domin ya maka ta. In ya same ta, sai ya yar da kulkin ya sheƙa a guje, yana neman ya kewaye tashoshi huɗu ya komo gida kafin abokan hamayya su tsinci ƙwallon su tare shi. Abin da ya sa muka ɗauko wasan nan shi ne, akwai wani magatakarda da a ke zaunarwa a gefe, yana duban masu tsaron fili. Duk wanda ƙwallo ta kuɓuce masa alhali ya kamata ya kama ta, sai a rubuta masa kuskure. In shekara ta ƙare a haɗa lissafin kowa, lissafin kuwa ya zauna a littafi har bayan mutuwarsa.

Wani mai suna Bill Buckner ya yi shekara 22 yana wasan nan, ya buga ƙwallo ya samu shiga sau 2,715, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Ran 25 ga Oktoba 1986, a birnin New York, ƙungiyarsa ta Boston tana gab da cin kofin da rabonta da shi tun 1918, sai wata ƙwallo ta gangaro a hankali ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta wuce. New York Mets suka ci wasan, suka ci na bayansa, kofi ya tafi. Gaskiya ita ce tun kafin ƙwallon ta iso gare shi abokansa sun riga sun zubar da rinjayen da ke hannunsu, amma laifi tudu ne, sai aka tattara duka aka aza masa. Zagi ya bi shi har da iyalinsa, daga baya ya ƙaura zuwa Idaho, can nesa. A watan Afrilu 2008 aka gayyace shi ya yi jifan buɗe wasa a filin Boston, dubban mutane suka miƙe suna tafa masa, shi kuwa yana share hawaye. Ya rasu a 2019. Mu ma muna da irinsa: a Durban, cikin 2010, Yakubu Aiyegbeni ya zubar da ƙwallo a bakin ragar Koriya ta Kudu, bayan 'yan mintoci ya ci fanareti, amma har yau ta farin a ke tuna masa.

Ku lura da lokacin tafin nan. Boston ta riga ta ci kofi a 2004, ta sake ci a 2007, hasarar ta warke, gafara ta yi araha. Haka ɗan adam ya kan yi. Manzo Bulus kuwa yana koya mana cikin Romawa 5:8 cewa Almasihu ya mutu dominmu tun ba mu biya kome ba, muna tsakiyar zunubi. Cikin Kolosiyawa 2:14 kuma ya kwatanta laifofinmu da takardar bashi, ya ce Allah ya soke ta, ya kafa ta a jikin gicciye. In lissafin shekara ya riga ya zauna a littafi, magatakardan wasa ba shi da ikon shafe abin da ya rubuta. Mai bin bashi ne kaɗai ya ke da ikon yaga takardarsa.

Lalle suɓucewar ƙwallo ba zunubi ba ce, kuma mun sani abin da ke nauyaya wa waɗansunku ya fi wannan nesa. Tun daga watan Yuli 2009 da wuta ta tashi a Maiduguri, da kuma Agusta 2014 da Gwoza ta faɗi mutane suka kwararo birni, akwai masu bi da ke ɗauke da kayan da ba su taɓa saukewa gaban kowa ba. Wani ya gudu ya bar tsoho a gida. Wata an tambaye ta sunanta a kan hanya, ta faɗi wani suna dabam. Waɗansu abubuwan tilas ce ta kawo su, babu laifi a ciki ko kaɗan, sai dai zuciya ba ta iya rarrabewa da tsakar dare. Waɗansu kuwa laifi ne, mai shi ya sani.

Domin irin waɗannan aka rubuta labarin Bitrus. A Yohanna 18:18 yana jin ɗumin wutar gawayi a farfajiyar babban firist sa'ad da ya yi musun Ubangijinsa sau uku. A 21:9 ga wutar gawayi kuma a bakin teku, da kifi a kai, da gurasa. Ba mu tsammani Yohanna ya ambaci gawayin nan sau biyu a banza. Yesu ya komo da Bitrus daidai wurin ciwonsa, ya fara ciyar da shi tukuna, sa'an nan ya yi masa tambaya uku a kan ƙauna, ɗaya bisa kowane musu. Bitrus ya ji zafi a ta ukun, Littafi bai ɓoye wannan ba. Amma kowace amsa aka bi ta da aiki, watau kiwon garke. Ba a ba shi watannin gwaji ba, ba a mai da shi kujerar baya ba. Yahuza ma ya yi nadama, har ya mayar da azurfa talatin, amma wurin firistoci ya kai nadamarsa, su kuwa suka ce ba ruwansu (Matiyu 27:3-5).

To, mece ce mantuwar da Bulus ya ke nufi cikin Filibiyawa 3:13? Ba shafewar tunani ba ce, gama shi da kansa ya tuna wa Korintiyawa da Galatiyawa cewa ya tsananta wa ikilisiya. Misalinsa na mai tsere ne: ya san abin da ke bayansa sarai, amma in ya waiwaya zai yi tuntuɓe. Bulus ya kan ɗauko tsohon laifinsa domin ya nuna girman alheri, ya ajiye shi, ya ci gaba da tafiya.

Kada kuwa wani ya fake da ayar nan ya ci haƙƙin ɗan'uwansa. Zakka ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zambata (Luka 19:8). Wanda ya riƙe kuɗin adashi, ko ya ɓata sunan maƙwabciya, sai ya je ya gyara abin da ke gyaruwa. Abin da ba ya gyaruwa, kamar wanda ya riga ya mutu, shi ne za a kai wa Ubangiji bisa ga alkawarin 1 Yohanna 1:9, a bar shi can.

Ƙungiya ta tattauna wannan: don me Yesu ya ciyar da Bitrus kafin ya tambaye shi? Akwai wanda ikilisiyarmu ke riƙe da tsohon lissafinsa bayan ya tuba? Shugaba kada ya tilasta wa kowa faɗin asirinsa a gaban jama'a. Wanda ya ke so ya yi magana, ya nemi fasto ko dattijo a keɓe bayan addu'a.