Zazzaɓi Bayan Tiyata: Dalilansa da Matakin da Za Ku Ɗauka

'Yan'uwa 'yan kasuwa da iyalai, da yawa daga cikinku kan ƙetare iyaka neman lafiya: wani ya taso daga Maraɗi a yi masa aikin ƙaba a Katsina, wata daga Illela a ciro mata jariri a Galmi. Da zarar an sallami majiyyaci ya koma gida, likitan da ya yi aikin ya yi nisa, kulawa ta dawo hannunku. Saboda haka ku sani cewa ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba. Wanda ya biyo bayan tiyata yana da dalilai nasa, kuma ranar da ya fara takan nuna inda matsalar take.

Idan ma'aunin zafin jiki ya kai 38, zazzaɓi ne. A kwana ɗaya ko biyu na farko, sau da yawa jiki ne kawai yake mayar da martani ga yankan da aka yi masa, kuma yakan sauka da kansa. Wanda ya zo daga kwana na uku zuwa sama shi ne abin lura.

Na farko, huhu. Mai jin zafin ɗinki yakan ji tsoron tari da jan dogon numfashi, sai majina ta taru, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Na biyu, mafitsara, musamman idan robar fitsari ta daɗe a jiki. Alamarsa zafi yayin fitsari. Na uku, wurin da aka sa allurar ƙarin ruwa, idan ya kumbura ya yi ja. Na huɗu, mikin kansa, wanda yakan fara ruwa daga wajen kwana na biyar, kuma hakan na iya faruwa har cikin kwana 30 bayan aikin. Na biyar, daskarewar jini a jijiyar ƙafa saboda yawan kwanciya ko doguwar tafiya a mota. Ƙafa ɗaya takan kumbura ta yi ciwo. Mai ciwon sukari, da mai shan taba, da mai ƙarancin jini sun fi shiga hatsari.

Ku wanke hannu da sabulu kafin ku taɓa bandeji. Ku bar mikin a bushe, kada ku shafa masa toka, ko man shanu, ko garin magani. Ku taimaka wa majiyyaci ya riƙa takawa kaɗan-kaɗan, ya kuma dafe ɗinkin da matashi idan zai yi tari. Kada ya koma ɗaukar buhu ko tura kura sai likita ya ba da izini.

Kada ku sayi kafso a hannun masu talla don ku kashe zazzaɓin. Maganin da bai dace ba yakan ɓoye ciwon, ya kuma sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Ko zazzaɓin cizon sauro kuke zato, a yi gwajin jini tukuna, a kuma duba mikin.

Ku garzaya asibiti ba tare da jiran wayewar gari ba idan kun ga mugunya ko wari daga mikin, ko ɗinki ya buɗe, ko numfashi yana sarƙewa, ko ciki ya kumbura da amai, ko majiyyaci ya fara ruɗewa, ko mai jego tana zubar da ruwa mai wari. Ba sai kun koma inda aka yi aikin ba. Ku fara da asibiti mafi kusa. Ku riƙe takardar sallama, da Faransanci aka rubuta ta ko da Turanci, domin ita za ta shaida wa ma'aikatan lafiya irin aikin da aka yi, da ranarsa, da magungunan da aka bayar.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.