Amsoshin Tambayoyinku: Rayuwata ta tsaya cak

Malam Sani daga Funtua ya ce ya gama karatu, aiki ya ƙi samuwa, komai ya tsaya masa cak. Yana tambaya: zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa alamar hauka ce?

A'a, Malam Sani, ba hauka ba ne. Likitan zai zauna ya saurare ka cikin sirri, ku tsara abin da za ka fara yi, ko da ƙarami ne. Idan barci ya ƙaurace maka, abinci ya fita daga ranka har mako biyu, ana zargin ciwon damuwa, kuma ciwon damuwa yana da magani. Asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna bai yi maka nisa ba. Daure ka je.