Kayan Da Ya Kamata Ka Fara Saya Wa Hilux Ɗinka A Ƙasar Daura

Tun zamanin da akori-kura ƙirar Peugeot 404 da 504 ke jigilar 'yan kasuwa tsakanin Daura da Mai'aduwa da Zango da Baure, mota mai buɗaɗɗen baya ta zama jakin gida a wannan yanki. Yau Toyota Hilux ce ta gaje ta, sai tsiraran Mitsubishi L200 da Ford Ranger. Da yawa an saye su ne na hannu, daga gwanjon ma'aikatu ko daga 'yan kwangilar da suka gama aiki. Da mutum ya karɓi mukulli, abin da ke fara zo masa a rai shi ne ado: ƙaton ƙarfe a gaba, jerin fitilu a kan rufi, baƙin gilashi. 'Yan kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano sun san zuciyar mai sabuwar mota, shi ya sa waɗannan kayan suke ratayewa a bakin shago. Ni dai shawarata ka wuce su ka shiga ciki. Abin da ke cin mota a ƙasarmu yashi ne da rana da lodi, can ya kamata kuɗinka na farko su tafi.

Fara da ƙasan ƙafarka. Ƙasarmu jigawa ce, duk wanda ya shigo mota da takalmi ya shigo da rairayi, kuma rairayin da ya nutse cikin kafet ɗin kamfani shara ba ta fitar da shi. Yana nan yana cin zaren kafet duk lokacin da aka taka, da damina kuma ya sha ruwa ya riƙe danshi a jikin ƙarfen ƙasa har tsatsa ta kama. Maganinsa shimfiɗar roba mai kauri, mai ɗagaggen baki, wadda za ka zaro ka kaɗe ka mayar. Masu laushin nan masu gashi-gashi da yara ke tallarsu a bakin titi, na motar birni ne.

Ta gefen direba kuwa, a nan ake neman natsuwa. A shekarar 2009 kamfanin Toyota ya yi kiranye ga motoci kimanin miliyan 3.8 a Amurka, cikinsu har da Tacoma da Tundra, 'yan uwan Hilux, saboda shimfiɗar ƙafa tana iya zamewa gaba ta danne totur ya ƙi dawowa. An rasa rayuka kafin a kai ga wannan mataki. Duba ƙasan kujerar direba, yawanci za ka ga ƙugiya ko maɓalli biyu da kamfani ya sa don riƙe shimfiɗa. Wadda ba ta da ramukan da za su shiga waɗannan, bar ta a shago komai arharta. Kada kuma ka ɗora sabuwa a kan tsohuwa don tattali. In an shimfiɗa maka, tun motar na kashe, taka totur da birki da kuloci har ƙasa, kowanne ka sake shi ka ga ya dawo ba tare da ya taɓa komai ba.

Akwai wani tarko da ba kowa ya san da shi ba. Hilux da yawa a Tailan ake ƙera su, kayan ƙarinsu ma da dama an yi su ne don kasuwar Tailan da Afirka ta Kudu da Ostireliya, kuma a duk waɗannan ƙasashe sitiyari a dama yake. Mu a Najeriya tun 1972 muka koma bin hannun dama a titi, sitiyarinmu yana hagu, haka ma a Nijar. Shimfiɗar ƙafa ko murfin dashbod da aka zuba wa motar da sitiyarinta ke dama ba za su taɓa zama daidai a taka ba, ko da kwalin ya ce Hilux da manyan baƙaƙe. Sannan Hilux ba ɗaya ba ce. Wadda ake kira Vigo, da aka fara yi a 2004, cikinta daban yake da na Revo da ta fito a 2015, mai ƙofa biyu daban da mai ƙofa huɗu. In da hali ka je Kano da motar kanta ta hanyar Kazaure, a gwada komai a gabanka kafin kuɗi su bar aljihu. Aika direban tasha da sunan mota kawai shi ke sa a kawo maka abin da sai an yanka shi da reza zai shiga.

Kujera ita ce ta biyu. Da farko cire ledar nan da wasu ke bari wata da watanni don a san motar sabuwa ce. Tana tara gumi, tana sa mutum zamewa idan aka taka birki. Rigar kujera ta fatar roba mai sheƙi tana da kyau a ido kuma tana goguwa da tsumma, amma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Daura, zama a kanta azaba ce, kuma mai arhar cikinta ba ta daɗewa take tsattsagewa. Na fi son yadi mai kauri irin na tanti, ko auduga mai nauyi, launin ƙasa-ƙasa wanda ƙura ba ta tona masa asiri. Masu ɗinkin kujerun mota na gida sun iya wannan aiki, sun kuma fi shago dacewa da kai tunda a jikin kujerarka za su auna. Ka sa su ɗinka saiti biyu, ɗaya na wanki ɗaya na jikin mota. Wanda ke ɗaukar iyali ko leburori ya ce a sa wani siririn abin hana ruwa daga ciki, domin furar da ta zube ta shige soson kujera warinta ba ya fita har a sayar da motar.

Kafin mai ɗinki ya sa almakashi, duba gefen kujerun gaba, wajen da ke fuskantar ƙofa. In ka ga ɗan tambari an rubuta SRS AIRBAG, to akwai jakar iska ta kariya a cikin kujerar, kuma ta wannan ɗinkin take fasowa idan an yi karo ta gefe. Riga mai kauri da ta rufe wurin ta ɗaure ta ke nan. Sai a bar gefen a buɗe. Haka ramukan ɗamarar kujera, kada a rufe su a baya da sunan ba a amfani da su.

Rana kuwa dashbod take fara ci. Motar da aka rufe aka bari a fili da tsakar rana, zafin cikinta yana iya haura digiri 60. Abin tare rana mai ƙyalli da ake naɗewa a gilashin gaba yana cikin kaya mafi arha, kuma ban san wani da ya kai shi amfani a kan kuɗinsa ba. Murfin dashbod na yadi ma yana taimakawa, muddin bai rufe hancin iska ko murfin jakar iska ta gefen fasinja ba. Man ƙyalli da masu wankin mota ke fesawa, ce musu a'a. Da hunturu yana kama ƙura ya zama danƙo, da rana kuma yana mayar da haske cikin gilashi ya kashe maka ido. Tsumma mai ɗan danshi ya isa. Kwalbar turare da laita da batirin cajin waya, kada ɗaya ya wuni a kan dashbod.

Baƙin gilashi magana ce ta doka. Akwai dokar 1991 da ta hana shi sai da izini, kuma a 2025 rundunar 'yan sanda ta sake tayar da batun takardar izinin. Mu da muke bakin iyaka, tsakanin Daura da Kwangwalam kaɗai shingayen jami'ai nawa mutum ke ratsawa? Kowanne ka ba shi dalilin tsayar da kai. Akwai leda mai haske da ke rage zafi ba tare da ta duhunta gilashi ba. Ta fi tsada, amma da dare kana ganin madubin gefe.

Wani abu da ake mantawa shi ne matatar iskar iyakwandishan, wadda a yawancin Hilux na zamani take bayan akwatin da ke gaban fasinja. Wasu motocin ma za ka buɗe ka tarar da gurbin fanko. Sa sabuwa kafin hunturu, ka sake dubawa bayan hazo ya wuce. Robar bakin ƙofa in ta bushe ta tsage a canza ta, don ta nan ƙurar burji ke shigowa. Kada ka yarda a sa wa cikin mota tiyo a wurin wanki, akwai wayoyi da mahaɗansu a ƙarƙashin kafet. Hatsin da ya zube a ƙasan kujera kuma a share shi a ranar. Ɓera yana biyo shi, in ya gama da gero sai ya koma kan wayoyi.

Yanzu mu koma baya, inda motar ke cin abincinta. Takin zamani, musamman yuriya, da fitsarin dabbobi suna cin ƙarfe fiye da ruwan sama. Wanda ke kai taki gonakin rani a wajen dam ɗin Sabke, ko ke ɗauko raguna daga kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, ya san yadda bodi ke fara ja daga kusurwa. Kwandon roba mai tauri da ake zurawa a bayan mota yana kare ta daga duka, amma yana da aibi biyu a wurinmu: yashi yana shigewa ƙarƙashinsa yana goge fenti a ɓoye, ga shi da santsi, dabba ba ta iya tsayuwa a kai. In shi ke gare ka, a riƙa ɗaga shi ana wanke ƙasan bayan damina. Abin da ya fi dacewa da yawancin mutanenmu shi ne a kankare tsatsa, a shafa fentin hana tsatsa, sannan a shimfiɗa roba mai kauri wadda mutum biyu za su iya jawowa waje. Kafin a ɗora dabbobi a watsa ƙaiƙayi ko yashi a kai, a wanke a ranar. Ramukan fitar ruwa da ke gaban bodi a bar su a buɗe.

Tamfol mai kyau da igiyoyin ɗauri masu maƙulli sun fi maka murfin baya mai naɗewa, wanda yashi ke shiga layinsa ya cije. In za a yi maka kejin ƙarfe don dabbobi ko dogon kaya, ce wa mai walda ya yi shi na ɗaurawa da noti, ana iya sauke shi. Kada ya yi walda ko huji a jikin shasi. In kuma dole ne wutar walda ta taɓa motar, a cire kan batir tukuna.

Duk abin da ka ƙara, nauyi ne da ka rage daga lodinka. Hilux gaba ɗaya abin da aka yi ta ta ɗauka bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, wasu ma ba su kai ba, kuma lissafin ya haɗa da direba da fasinjoji da kejin da ƙarfen gaba. Buhu 10 na gero mai kilo 100 sun cinye shi tas. Ƙarin sifirin da bakanike zai ba ka shawara yana hana baya durƙusawa, amma birki da taya da shasi suna nan yadda kamfani ya yi su. Motar da ba ta nuna alamar gajiya ita ake ƙara wa buhu biyar, sai a gangara a gane birkin bai san da ƙarin sifirin ba.

Ƙarfen gaba yana da amfaninsa ga mai tafiyar dare a hanyar da jakuna da awaki ke tsallakawa, ban musa ba. Amma wanda aka ƙera a bakin titi da bututun ruwa yana iya rikita lokacin da jakar iska za ta buɗe, yana tare iskar lagireto, ga nauyi a kan ƙafar gaba, kuma ɗan acaɓa ko yaron da tsautsayi ya haɗa da shi ba ya tashi da sauƙi. In ka matsu, nemi wanda aka yi don samfurin motarka. Fitilun ƙari kuma a kai wa ƙwararren mai wayarin, ya ja musu waya tasu daga batir da fiyus da rile, ba a fere wayar fitilar kamfani a naɗe da salatif ba. Gobarar mota da yawa daga irin wannan haɗin take tashi. A kan kwalta a kashe su idan mota na tahowa. Jiniya da fitila mai walƙiya ja da shuɗi ba na farar hula ba ne, jami'an kiyaye haɗurra da 'yan sanda na da hurumin kama ka a kansu.

Manyan tayoyi masu faɗi suna ƙara shan mai, abin da ba wanda ke ɗauka da wasa tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, suna kuma sa agogon gudu ya nuna ƙasa da gudun da kake yi. Tsaya a kan girman da aka rubuta a takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, ka nemi taya mai alamar LT ko C, wadda aka yi don ɗaukar kaya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu na haihuwarta: 2423 na nufin mako na 24 na shekarar 2023. Karanta kafin ka saya, musamman in ta Kwatano ce. Kuɗin da ka rage a nan ka sayi ƙaramin famfon iska mai aiki da batir, da ma'aunin iska, da shebur, da igiyar ja mai ƙarfi, da guntun katako mai faɗi da jak zai tsaya a kai. A hanyoyin ƙauyukan Sandamu da Baure, idan yashi ya riƙe ka, rage iskar tayoyi huɗun kaɗan yakan fitar da kai ba sai an tara matasa turi ba. Da ka hau kwalta ka tsaya ka mayar da iskar kafin ka ƙara gudu, domin taya mai ƙarancin iska a kan titi mai zafi, ga lodi a baya, fashewa take yi.