Yadda Ruwa Ke Taruwa A Birkin Iska Da Hanyoyin Fitar Da Shi

Manyan motoci irin su tirela da tanka da doguwar bas ba sa amfani da man birki kamar ƙananan motoci. Da matsattsiyar iska suke tsayawa, dabarar da George Westinghouse ya ƙirƙiro wa jirgin ƙasa a Amurka a shekarar 1869. Injin motar yana juya wata na'ura da ake kira kwamfireso, wadda ke zuƙo iska daga waje ta cusa ta cikin tankuna. Idan direba ya taka birki, wannan iska ce ke bin bututu ta danna takalman birki. Abin mamaki shi ne, makaniki kan buɗe ƙasan tankin ya ga ruwa na zuba, alhali babu wanda ya zuba shi.

Asalin ruwan nan iskar ce kanta, domin kullum tana ɗauke da tururin da ido ba ya gani. A zafin digiri 30 na ma'aunin Salshiyos, iska mai cika kubik mita ɗaya ba ta iya riƙe tururin da ya wuce kimanin giram 30. A ɗauka cewa ana cikin damina, iska na riƙe da giram 24. Kwamfireso yakan matse kimanin kubik mita 9 su koma gurbin guda ɗaya, wato giram 216 ke nan a wurin da ba ya ɗaukar fiye da 30. Matsawa tana sa iska zafi, saboda haka da farko tururin ba ya sauka. Amma da zarar ta huce a cikin tanki, sai giram 186 su zama ruwa, kusan cikin kofin shayi. Irin wannan ne ke faruwa yayin da raɓa ta lulluɓe kwalbar lemo mai sanyi.

Ɓarnar ruwan ba kaɗan ba ce. Yana cinye gurbin iska, sai birki ya ƙare da wuri a kan gangara mai tsawo. Yana kawo tsatsa, kuma yana gauraya da man da ke tsiyayowa daga kwamfireso ya zama kwaɓi mai toshe bawul. A ƙasashen sanyi kamar Kanada har daskarewa yake yi a cikin bututu.

Hanya mafi tsufa ita ce buɗe bawul ɗin da ke ƙasan kowane tanki bayan aikin yini, a bar shi har ruwan ya tsiyaye. Aiki ne na mintoci kaɗan, amma shi aka fi yi wa sakaci. Motocin zamani kuwa suna da na'urar busar da iska tsakanin kwamfireso da tanki. A cikinta akwai ƙananan ƙwayoyi masu tsotse laima. Idan tankuna sun cika, sai wata busasshiyar iska ta koma da baya ta kwashe laimar ta fesar da ita waje. Wannan ne hucin da ake ji kwatsam a ƙarƙashin tirela. Ƙwayoyin suna gajiya, musamman idan mai ya shafe su, don haka ganin ruwa da yawa a tankin mota mai wannan na'ura alama ce ta cewa lokacin sauya su ya yi.

Malami na iya bai wa ɗalibai wannan lissafi su sake shi da iskar hunturu, wadda a zafin digiri 30 ba ta wuce giram 5 ba, su kwatanta abin da tirela za ta tara a Kano cikin Janairu da abin da za ta tara a Legas cikin Yuli.