Yadda Za Ku Riƙe Mai Barin Shaye-shaye Idan Annoba Ta Kulle Gari

A watan Afrilun 2020 aka kulle Kano saboda korona, Kaduna kuwa tun ƙarshen Maris ta shiga. Kasuwa a rufe, gareji a rufe, babu sallar Juma'a, azumi ma a cikin kulle ya kama. Kowa ya ji jiki, amma wanda ba a cika tunawa da shi ba shi ne yaron da ya yi wata biyu ko uku da ajiye tiramol ko kodin. Abin da ke riƙe da shi bai wuce fita aiki da safe, da sallar jam'i, da ranar ganin likita, da wani babba mai tambayar lafiyarsa ba. Dokar kulle ta kwashe su duka a dare ɗaya, ta bar shi da ɗaki da tunani.

Masu fama da ƙwaya ba kaɗan ba ne. Binciken da hukumar UNODC da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka yi a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya cikin shekara guda. A Amurka, waɗanda ƙwaya ta kashe sun tashi daga kimanin 70,000 a 2019 zuwa sama da 91,000 a 2020. Annoba ba ta sallama, don haka ga abin da ya kamata gida ya yi.

Da farko, a tanadi magani da lambar likita. Da zarar an fara jita-jitar kulle, a je asibitin da yaron yake zuwa, a roƙi likita ya rubuta maganin da zai kai makonni, a kuma karɓi lambar da za a kira. Wannan ba baƙon abu ba ne: a Maris ɗin 2020 Amurka ta yarda a riƙa ba wa masu barin ƙwaya da suka daidaita maganin methadone na kwana 28 su tafi da shi gida. A Najeriya ma, a lokacin korona aka kafa DrugHelpNet, inda likitoci da masu ba da shawara ke amsa kira ta waya. Amma kada maganin ya zauna a hannunsa. Uwa ko uba ko yaya su kulle shi a akwati, su riƙa ba shi na yini. Maganin tari da na barci da ke gidan su ma a ɗauke su daga kan tebur.

Na biyu, kada a yanke masa da ƙarfin tsiya. Wasu iyaye kan ce ai kullen ma alheri ne, tunda ba zai samu ba sai ya daina. Wannan tunani na iya kashe mutum. Wanda jikinsa ya saba da giya, ko diazepam, ko roche, idan aka tsayar masa farat ɗaya, yana iya kamuwa da rawar jiki, ruɗewa da jijjiga irin ta farfaɗiya. Irin wannan likita ne ke rage masa a hankali. Mai barin kodin ko tiramol kuwa za a ga hamma, hawaye, majina, gumi, gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci na kwanaki. Alamomin sun yi kama da mura ko zazzaɓi, a lokacin annoba kuma sai gida ya firgita. A kira likita, a gaya masa gaskiyar abin da yaron yake sha, ba tare da ɓoye-ɓoye ba. A ba shi ruwa sosai, da ruwan gishiri da sukari idan yana gudawa. Idan ya faɗi yana jijjiga, a yi masa addu'a a kan hanyar asibiti. Dokar kulle ba ta hana kai marar lafiya.

Na uku, a gina masa yini. A ganina nan ne aikin yake. Zaman banza ya fi kowane dila haɗari. Ya tashi da asuba tare da kowa, a yi jam'i a tsakar gida, ya yi wanka ya sa tufafi kamar mai fita, kada a bar shi kwance da singileti har azahar. A damƙa masa aikin da zai zama nasa shi kaɗai: ɗebo ruwa, kula da kaji ko tumaki, kwance tsohon janareta ya gyara, ko biya wa ƙannensa karatu bayan la'asar. Na ƙarshen nan ya fi burge ni, domin yaron da aka daɗe ana kallonsa a matsayin abin kunya, ranar da ƙanwarsa ta miƙo masa littafi ta ce "Yaya, duba mini", ya san ana bukatarsa. Da dare a ajiye waya, don barcin rana da kwana ido biyu su ne ke buɗe wa tunanin ƙwaya ƙofa.

A kuma sanar da shi cewa ƙishirwar abin takan taso da ƙarfi ne, sannan ta lafa, galibi cikin kamar rabin sa'a. Ku yi yarjejeniya: idan ta taso ya faɗa. Ya ce, "Umma, abin ya motsa mini." Ita kuma kada ta ɗora hannu a ka. Ta ce ya yi alwala, ya zo su zauna, ko ta miƙa masa taɓarya ya kama mata daka har ya wuce.

Na huɗu, a samo masa mutum ɗaya a waje, kawu ko malami ko wanda ya taɓa shiga ya fita, mai kiransa kullum a lokaci guda. Lambobin tsofaffin abokan majalisa a goge su tare da shi, in ta kama a sauya layi. A sa ido musamman a ranar sassauci, waɗannan 'yan sa'o'in da ake bari a fita cefane. Ranar nan dila ma yana fitowa. Kada a aike shi kasuwa shi kaɗai da kuɗi a aljihu; ya tafi tare da wani.

Na biyar, a kiyaye harshe. Gida a cunkushe, abinci ya ja baya, rai a ɓace, sai a huce a kansa: "ɗan ƙwaya", "ka cuce mu". Gori na tura mutum gidan jiya da sauri. Mari da kulle ɗaki kuma ba magani ba ne. Mun ga halin da aka tarar da ɗaruruwan mutane a wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, a Satumbar 2019. A tuna kuma akwai mata, har da matan aure, da ke fama da kodin a ɓoye. Su ma kulawa suke bukata, ba tonon asiri ba.

Na shida, a shirya wa ranar da zai iya zamewa. Wanda ya yi makonni bai sha ba, jikinsa ya rasa juriyar da. Idan ya koma ya sha adadin da ya saba, wannan adadin ne zai iya tsayar masa da numfashi. A gaya masa haka ƙarara tun yana lafiya. Alamun wannan haɗarin su ne: ba ya farkawa ko an jijjiga shi, numfashi a hankali ko minshari mai kakari, ƙwayar ido ta ƙanƙance, leɓe da farce sun sauya launi. Kada a ɗura masa madara ko manja, zai shaƙe. Kada a ce a bar shi ya yi barci ya wartsake. A kwantar da shi a gefensa, a garzaya asibiti da kwalin abin da ya sha. Akwai allurar naloxone da ke dawo da numfashin wanda kodin da danginsa suka kayar, amma ƙarfinta kan ƙare kafin na ƙwayar, don haka ko ya farfaɗo kada a dawo da shi gida sai likita ya sallame shi.

Idan ya tashi, a kira likitansa a ranar, a ci gaba daga inda aka tsaya. Don Allah kada ku kore shi daga gida.