Amsoshin Tambayoyinku: Motsa Jiki ga Masu Cutar MS

Wani mai sauraro ya nemi sanin ko ƙarfafa tsokokin gangar jiki yana amfanar masu cutar MS. Wannan cuta, wadda likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya fayyace a shekarar 1868, tana samuwa ne idan garkuwar jiki ta afka wa mayelin, wato rigar kitsen da ke lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, sai saƙonni su riƙa jinkiri, mutum ya riƙa tangaɗi da saurin gajiya.

Tsokokin ciki da baya da ƙugu su ne ke riƙe jiki a zaune da tsaye, shi ya sa likitan gashin ƙashi kan fara da atisaye mai sauƙi, kamar kwanciya rigingine a ɗaga ƙugu ana numfashi a hankali. Atisayen ba ya warkar da cutar, amma yana kyautata daidaiton tafiya, kuma tsohuwar shawarar a kwanta a huta kawai ta cutar da mutane da yawa. Zafi kan tsananta alamomin na ɗan lokaci, don haka sanyin safiya ya fi dacewa, tare da hutawa kafin gajiya ta yi yawa.