Hannun da Ake Yi wa Komai Ba Ya Dawowa

A sashen gashin ƙashi, abin da ya fi jan hannun mai shanyewar ɓarin jiki baya shi ne hidimar da ake yi masa a gida. Ana ba shi abinci a baki, ana riƙe masa buta, ana ɓalle masa maɓallin riga. Shi ma da ya gwada hannun sau biyu ya ƙi, sai ya koma ga mai lafiyar. Cikin 'yan makonni ƙwaƙwalwa ta saba da rashin hannun, ko da akwai sauran motsi a cikinsa. Ciwon kuwa a ƙwaƙwalwa yake, don haka tausa da man zafi ba sa kaiwa gare shi. Abin da ke sa sassan da suka tsira su karɓi aikin wanda ya lalace shi ne maimaita aiki na gaske.

Bincike ya nuna haka. A Amurka, gwajin EXCITE na 2006 ya ɗauki mutum 222 da suka yi wata uku zuwa tara da ciwon. Aka sa wa rukuni guda safa a hannu mai lafiya, aka tilasta wa mai raunin aiki na sa'o'i kullum har mako biyu. Sun fi sauran amfani da hannun, kuma bambancin yana nan bayan shekara. Wani nazari na 2009 ya tarar cewa a zaman asibiti guda, hannu na samun maimaici wajen 32 ne kawai, alhali a gwajin dabbobi ɗaruruwa ake yi. Shi ya sa masu bincike a Jami'ar Bayero ta Kano suka gwada ƙirga yawan maimaici maimakon sa'o'i, dabarar da ta dace da mu, domin ɗaukar kofi da ajiyewa sau 300 ana iya yin sa a tsakar gida, jika na ƙirgawa da carbi.

Wani zai ce rashin imani ne a zuba wa dattijo ido yana kokawa da cokali, kunu na zuba a ƙirjinsa. Abin da ciwo, amma dogaro da wani wajen tsarki har ƙarshen rayuwa ya fi shi ciwo. Masu tsoron gaggawa kuma suna da hujja: gwajin AVERT na 2015, mai mutum 2,104, ya nuna cewa yawan tayar da majinyaci cikin awa 24 na farko yana rage samun sauƙi. To wannan maganar ranar farko ce, ba ta halatta wata biyu a kan tabarma ba. Kuma ɗaure hannu mai lafiya sai ga wanda wuyan hannunsa da yatsunsa suka fara ɗagawa. Wanda nasa ke lilo sam, wani atisayen ake tsara masa, kuma kada a kama wannan hannun a ja wajen tayar da shi, domin kafaɗar tana saurin gocewa.